Ruwa da Farar Wuta: Nazarin Abubuwan da ke Raunana Katalis Wajen Sarrafa CO2 Zuwa Metanol

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda ake mayar da iskar CO2 da ragowar amfanin gona su zama metanol. An bi ayyukan magabata, aka haɗa da lissafin ma'aunin sinadarai. An gano cewa rashin ƙarkon katalis da tsadar haidirojin su ne manyan ƙalubalen wannan fasaha.

1.0 Gabatarwa

Katalis sinadari ne da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai, shi kuwa ba ya ƙarewa a cikin haɗin. A 1966 kamfanin ICI na Ingila ya fito da katalis na jan ƙarfe da zinki da alumina, wanda har yau masana'antun metanol suka dogara da shi. Yana aiki a zafin digiri 200 zuwa 300, da matsin da ya ninka na iskar sarari sau 50 zuwa 100. Da irinsa masana'antar George Olah ta ƙasar Aisilan ta fara sarrafa CO2 a 2012, kuma daga baya ƙarfinta ya kai tan 4,000 na metanol a shekara.

2.0 Inda Gizo ke Saƙa

An ƙera wannan katalis ne domin iskar da CO (kabon monoksayid) ya fi CO2 yawa a cikinta. Idan aka ɗora masa CO2 zalla, kowace ƙwayar metanol sai ta zo da ƙwayar ruwa. Ruwan nan ne ke sa ƙananan ƙwayoyin jan ƙarfe su dunƙule, filin aikinsu ya ragu, ƙarfin katalis ya yi ta ja baya.

Iskar da ake samu daga turara ɓuntun shinkafa ko kara ko garin katako ta fi wuyar sha'ani. Tana ɗauke da kwalta da farar wuta, ita kuwa farar wuta ko ƙanƙanuwa ce guba ce ga jan ƙarfe, dole a tace ta kafin ta isa gare shi. Haidirojin ɗinta ma bai kai yadda ake bukata ba, sai an ƙaro daga waje.

A 2016 masu bincike a ETH Zurich ta Suwizalan sun nuna cewa indiyom oksayid da aka shimfiɗa kan zakoniya ya yi awa 1,000 yana aiki bai raunana ba. Sakamako ne mai ƙarfi, sai dai indiyom ya fi jan ƙarfe tsada nesa ba kusa ba, kuma awa 1,000 ba ta kai wata biyu ba, alhali masana'anta shekaru take so katalis ya yi.

3.0 Lissafin Haidirojin

Tan ɗaya na metanol na cin kusan tan 1.4 na CO2 da kilo 190 na haidirojin. Fitar da wannan haidirojin daga ruwa na shan wutar lantarki kusan megawat-awa 10. Idan da gawayin kwal aka samar da wutar, CO2 da aka fitar ya zarce wanda aka kama. A ganin wannan nazari, duk gwajin katalis da bai bayyana juriyarsa ga ruwa da farar wuta ba, bai kuma faɗi tushen haidirojinsa ba, bai cancanci a gina masana'anta a kansa ba.