Tarihin Bauta da 'Yanci: Daga Amurka Zuwa Ƙasar Bauchi

'Yan'uwa mazauna garin Yakubu, yawancinmu in aka ce bauta sai hankalinmu ya tafi Amurka, kamar mu ba mu taɓa saninta ba. To, bari mu jera tarihin nasu da namu, mu ga inda suka haɗu.

A 1619 aka sauke rukunin farko na 'yan Afirka a Bajiniya. Da aka ƙera injin gurzar auduga a 1793, sai gonakin auduga suka bunƙasa a kudancin ƙasar, kuɗin bawa ya tashi. Ɗan kasuwa ya san wannan lissafi: in haja tana ci, ba a son rabuwa da mai samar da ita. An hana shigo da bayi daga waje a 1808, amma cinikinsu a cikin gida bai tsaya ba, har ƙidayar 1860 ta sami bayi kusan miliyan 4. Sai da aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, Shugaba Abraham Lincoln ya yi shelar 'yanci a 1863, sannan aka soke bauta a tsarin mulki a 1865.

A cikin sojojin wannan yaƙi har da maƙwabcinmu, Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, haifaffen Kukawa ta Barno, wanda Turawa ke kira Nicholas Said. Yana yaro aka kama shi, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, sai Rasha. Ya shiga Amurka yana ɗa, ya kuma sa kakin sojan Arewa a 1863.

Mu dawo gida. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu, shi ya kafa Bauchi a farkon ƙarni na 19. Duk tsawon ƙarnin nan bawa dukiya ne a ƙasar nan, kamar yadda yake a Kano da Zazzau. Da shi ake biyan gaisuwar Sakkwato, shi ke noma a rinji, shi ke ɗaukar kayan fatake. Mayaƙan sarakuna na kai hari kan mutanen duwatsu, Ningawa kuma na kamo mutane daga ƙasar Kano da Bauchi da Zazzau. Hausawa da dama ma an kai su bakin teku an sayar, shi ya sa ake samun sunansu a boren bayi na Bahiya ta ƙasar Birazil tun 1807. Abin nufi, kakanninmu sun saya, sun sayar, su ma an sayar da su.

Turawa sun ci Bauchi a 1902. Dokar Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne. Amma iyayensa fa? Su sai dai su yi murgu, su tara kuɗi su fanshi kansu a gaban alƙali. Sai a 1936 aka soke bautar baki ɗaya a Arewa. Shekara biyu kafin nan, wani malamin makaranta ɗan Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya fitar da littafinsa Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka ƙetara hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa hannun masu bayi.

A Amurka kuwa, takarda ta 'yanta baƙar fata amma jama'a ba su sake shi ba. Jihohin kudu suka kafa dokokin wariya: makaranta dabam, asibiti dabam, har famfon shan ruwa dabam, kotun ƙoli kuma ta amince da haka a 1896. Sai a 1954 ta warware hukuncin game da makarantu. Ranar 1 ga Disamba 1955 wata tela, Rosa Parks, ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a bas a garin Montgomery. Baƙaƙe suka ƙaurace wa bas fiye da shekara guda, Martin Luther King na jagora. Nan ma lissafin kasuwa ne: da ciniki ya faɗi, kamfanin bas ya ji a jikinsa.

Ana cikin wannan dambarwa, a Yulin 1961, Shugaba Kennedy ya karɓi baƙuncin Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya. Ɗan Bauchi ya tsaya da rawaninsa ya yi jawabi a majalisar dokokinsu, alhali a shekarar nan an hana jakadan Cadi zama a wani gidan abinci a jihar Maryland saboda launin fatarsa. Dokar daidaita haƙƙin 'yan ƙasa ta zo a 1964, ta kare haƙƙin zaɓe a 1965, wato shekara 100 cif bayan soke bauta. An kashe Tafawa Ɓalewa a 1966, kabarinsa na nan cikin gari. An harbe King a 1968.

To, mu fa? Doka ta gama nata tun 1936, amma baki bai gama ba. Har yau in maganar aure ta taso, sai ka ji ana raɗa, wai a binciki asali, wai kakan yaron bacucane ne. Mu ɗin nan ne kuma muke kuka in an kira 'ya'yanmu baƙi wajen neman takardar ɗan ƙasa, alhali nan aka binne cibiyarsu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mun karanta tun muna Islamiyya cewa taƙawa ce ma'aunin ɗaukaka, kuma 'yanta bawa na cikin wuraren da ake kai zakka. Bilalu bawa ne kafin Sayyidina Abubakar ya fanshe shi, shi ne kuma ladanin Manzon Allah (SAW).

Saboda haka muna kira ga iyaye da dattawan ƙungiya, in yaro ya zo neman aure a duba addininsa da halinsa da sana'arsa, a bar kakansa ya huta a kabari. Allah Ya jiƙan magabatanmu, 'ya'ya da bayi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.