Ninkin abokin hamayya: yadda 'yan burij suka koyi cin ribarsa

Lokacin da Harold Vanderbilt ya tsara lissafin makin wasan burij a 1925, gwanjon da ake yi kafin a jefa karta magana ce a fili. Ka taya ♥, to ♥ ɗin gare ka. Daga baya aka shigo da tayin da ba ya nufin abin da ya faɗa. A shekarun 1930 Easley Blackwood ya mai da 4NT tambaya: as nawa ke hannunka? A 1945 Sam Stayman ya rubuta a mujallar The Bridge World cewa 2♣ bayan 1NT tambaya ce ko mai buɗewa yana da ♥ ko ♠ guda huɗu, ko da yake abokin wasansa George Rapée ne ya kawo dabarar. A 1956 kuma Oswald Jacoby ya yaɗa nasa salon, inda 2♦ ke nufin ♥, 2♥ kuma ke nufin ♠.

Abokan hamayya ba barci suke yi ba. Tunda mai cewa 2♣ ba ♣ yake shirin bugawa ba, ninka tayinsa kusan kyauta ne, kuma saƙo ne ga abokinka: in kai ne za ka fara jefawa, jefo ♣. Dama tun 1929 Theodore Lightner ya nuna cewa ninki na iya zama umarni kan kartar farko, ba barazanar tara kaɗai ba.

Abin da ya ɗauki 'yan burij lokaci kafin su gane shi ne, wanda ya ninka ya ba ka kyautar kalmomi biyu. Kafin ya yi magana ba ka isa ka wuce tayin abokinka ba, don gwanjon zai mutu a 2♣. Yanzu kana iya wucewa, tayin zai koma wa abokinka. Kana kuma iya maimaita ninki.

Tsofaffin 'yan wasa sun fi son kalma ta biyun. Maimaita ninki a wurinsu na nufin: ♣ ɗina sun fi nasa, mu buga a nan. Lissafi ma yana bayansu, domin in ka ci 2♣ da aka maimaita ninkinsa za ka kwashi maki 560, ko 760 in kana cikin haɗari, alhali 3NT 400 ne ko 600. Sai dai irin wannan hannu ba ya zuwa kullum. Tambayar da ke zuwa kullum ita ce: wa zai tare ♣ in mun je 3NT?

A nan ne masu wasan gasa suka gyara tsarin. Da yawansu yanzu sun amince cewa in mai buɗewa ya amsa tambayar Stayman kai tsaye, yana da abin tare ♣. In ya wuce, ba shi da shi. Sai abokinsa ya maimaita ninki, ma'ana "ina nan kan tambayata". Wasu ma suna juya amsoshin don mai tambayar ya zama shi zai buga hannun. Dubi dalili. A ce sarkin ♣ da ƙaramar karta ɗaya suna hannun mai tambaya, wanda ya ninka kuma yana hagun mai tambayar, riƙe da as da sarauniya. In mai buɗewa ne zai buga, kartar farko za ta ratsa ta kan sarkin, a hallaka shi nan take. In mai tambaya ne, wanda ya ninka ɗin ne zai fara jefawa, sarkin kuma shi ne na ƙarshe a zagayen, ya tsira.

Na Jacoby bai ba da wahala ba: ka wuce in karta biyu gare ka a irin abokinka, ka karɓa in uku ne ko fiye. Haka na Blackwood, wanda ake kira ROPI: maimaita ninki babu as, wucewa as ɗaya, sauran amsoshi su biyo a jere. Masu salon Precision na C. C. Wei, wanda ya kai Taiwan matsayi na biyu a gasar Bermuda Bowl a 1969 da 1970, sun saba da a ninka musu 1♣, sai suka raba raunanan hannuwa tsakanin wucewa da maimaita ninki.

Inda ake zubar da maki kuwa ba a zaɓen tsari ba ne. Akwai ƙwararrun da ke yin akasin abin da na faɗa, wucewa ce ke nuna abin tare ♣, kuma suna cin gasa. Masifar ita ce abokai biyu kowa da nasa. Na ga teburin da ɗaya ya maimaita ninki yana nufin tambaya, ɗayan ya ɗauka "mu buga a nan" ne, ya wuce. Suka faɗi da uku suna cikin haɗari, maki 1,600 suka tafi a hannu ɗaya, sauran zaman kuma ba mai kallon wani.

Kai da ke shirin zama da sabon abokin wasa, kafin a raba karta ku ɗauki minti biyar ku yanke abin da wucewa da maimaita ninki ke nufi bayan Stayman, Jacoby da Blackwood, ku rubuta a takardar yarjejeniyarku.