Zafin inji a babur mai lagireto: yadda ake gano matsalar

Yawancin baburan haya a Garwa iska ce ke sanyaya injinsu, amma manyan babura da wasu kekuna masu ƙafa uku na dakon kaya da ruwa suke aiki. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ƙaramin lahani ya isa ya sa ruwan ya tafasa.

Makanike kan fara da tambayar yaushe zafin ke tashi. Idan sai a cunkoson kasuwa ne, kuma ya sauka da zarar an hau titi, fanka ake zargi: fiyus, waya ko makunninta. Idan kuwa a doguwar tafiya ne, kamar hanyar Marwa da lodi, sai a duba lagireto. Ƙurar hunturu kan toshe shi ta waje, ruwan rijiya kuma ya bar masa dasashi da tsatsa a ciki.

Murfin lagireto, duk da araharsa, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Ba a buɗe shi sai inji ya huce, domin tururin na ƙona fata.

Farin hayaƙi daga salansa, kumfa a lagireto, ko baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, alamu ne na ƙonewar gasket, wato joint de culasse. Ci gaba da tuƙi a haka kan lanƙwasa kan injin.