Ciwon ciki maras gyambo: idan jijiyoyin tumbi suka cika saurin ji

Akwai masu fama da ƙunar ƙirji, kumburin ciki da saurin ƙoshi wata da watanni, amma da likita ya zura bututu mai kamara ta maƙogwaro, wato fibroskopi, sai ya tarar tumbin lafiya lau: ba gyambo, ba ƙari. Likitoci suna kiran wannan "dispepsiya mai nasaba da aikin ciki", kuma ana ƙiyasta cewa tana damun kusan mutum 1 cikin 10 a duniya. Bisa ƙa'idojin Roma na 4, da aka fitar a 2016, ana tabbatar da ita ne idan alamun sun fara aƙalla wata 6 da suka wuce, suka kuma dage a wata 3 na ƙarshe.

Ɗaya daga cikin manyan dalilanta shi ne saurin ji na jijiyoyin tumbi. Idan abinci ya shiga, tumbi yakan buɗe, jijiyoyinsa su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, mai lafiya ya ji ƙoshi kawai. Ga mai wannan larura kuwa, buɗewar da ba ta taka kara ta karya ba takan isa ƙwaƙwalwa a matsayin zafi. An gwada hakan da balan-balan da ake hurawa a hankali cikin tumbi: kusan kashi 1 cikin 3 na majinyatan sun ji ciwo tun iskar ba ta kai inda take damun sauran mutane ba. Ciwon na gaske ne, ba raki ba. Wani lokaci yakan biyo bayan zawo da amai mai tsanani, damuwa da rashin barci kuma suna ƙara rura shi.

Kafin a ɗora wa jijiyoyi laifi, sai an nemi ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda ta yaɗu sosai a Afirka. Daga nan likita yakan fara da omeprazole. Idan bai yi ba, ya ba da amitriptyline kaɗan da dare don rage saurin jin. Cin abinci kaɗan-kaɗan da rage maiƙo, yaji da shayi mai ɗaci kan taimaka wa wasu. Diclofenac da ibuprofen na masu tallar magani kuwa suna iya haddasa gyambon da da babu shi.

Rama ba dalili, aman jini, baƙin bayan gida, wahalar haɗiya, ko ciwon da ya soma bayan shekara 60, duk suna buƙatar asibiti ba tare da jinkiri ba.