Shuɗin leɓe da harshe: Alamar ƙarancin iskar oksijin a jini

Sayanosis shi ne sunan da likitoci ke bai wa yanayin da fata, leɓe ko harshe ke rikiɗewa zuwa launin shuɗi saboda ƙarancin iskar oksijin a jini. Ba cuta ba ce mai zaman kanta, alama ce ta wata matsala a huhu, zuciya ko hanyoyin jini.

Sinadarin himoglobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini shi ke ɗaukar oksijin. Idan ya ƙoshi da iskar, jini kan yi ja jawur. Idan ta ragu, sai ya yi duhu. A jikin mai lafiya ma'aunin oksijin kan kasance tsakanin kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari, shuɗin kuwa ba ya cika bayyana sai ma'aunin ya sauka zuwa wajen kashi 85.

Yanayin iri biyu ne. Akwai wanda ke tsayawa a yatsu da tafin hannu, wanda tsananin sanyi kan haddasa, kuma yakan wuce da zarar jiki ya ɗumama. Akwai kuma wanda ke kama harshe da cikin baki, shi ne mai haɗari. Daga cikin musabbabansa akwai nimoniya, tashin asma, shaƙewa da abinci, da nakasar zuciya da ake haifar jariri da ita.

A jikin baƙar fata alamar kan ɓuya, sau da yawa ta fito da launin toka. Don haka ake duba harshe, dasashi, cikin leɓe da ƙasan farce cikin haske mai kyau. Lalle da jan farce kan rufe launin farce. Haka nan mai tsananin ƙarancin jini yana iya rasa oksijin ba tare da ya yi shuɗi ba. Wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki shi ma ba ya nuna wannan launi, alhali rayuwarsa na cikin haɗari.

Na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin, wadda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya ƙirƙiro a shekarun 1970, tana taimakawa ƙwarai. Sai dai wani bincike na Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna cewa takan kasa gano ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da yadda take yi a jikin farar fata.

Shuɗin hannu da ƙafa kaɗai ga sabon jariri a ranakun farko ba abin tashin hankali ba ne. Amma idan harshe ko leɓe ya sauya launi, musamman tare da sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji ko ruɗewa, wajibi ne a garzaya asibiti nan take, domin ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin 'yan mintuna idan oksijin ya yanke mata.