Jitar Ƙarfe, Kuntigi da Garayar Kaka: Me Ke Sa Tsohon Abin Kiɗa Ya Yi Daraja?



Kwanan baya wani ɗan'uwa a wannan zaure ya turo mana hoton tsohuwar garaya da ya tarar a rataye a rumbun kakansa, a wani ƙauye na ƙasar Maiyama. Ya ce wani dillalin kayan da ya taya ta, ya rasa ko ya sallama. Mun yi ta sharhi, amma babu wanda ya iya cewa ga shekarunta, balle kuɗinta. Wannan gazawa tamu ce ta haifi rubutun yau. Bari mu fara da inda aka riga aka warware irin wannan tambaya, sannan mu dawo gida.

A Amurka, kafin jita mai lantarki ta yaɗu, babbar matsalar makaɗin jita ita ce ba a jin sa idan ƙahonni da ganguna suka tashi. Wani makaɗi, George Beauchamp, ya kai kukansa ga John Dopyera, mai gyaran kayan kiɗa ɗan asalin Sulobakiya da ke zaune a Los Angeles. A 1927 kamfaninsu, National, ya fitar da jita mai jikin ƙarfe, a cikinta akwai siraran faifai uku na alminiyam masu siffar mazurari. Idan aka taɓa tsirkiya, faifan su ɗauki girgizar su ƙara mata amo, ba tare da lantarki ba. Bayan kamar shekara biyu Dopyera ya fice, shi da 'yan uwansa suka kafa Dobro, mai faifai guda da aka kifa. Mawaƙan bulus baƙar fata irin su Tampa Red da Son House da Bukka White sun yi suna da jitar National. Lantarki ya zo ya rage mata kasuwa, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya haɗiye ƙarfen, aka daina ƙera ta a farkon shekarun 1940.

Yau idan irin wannan jita ta ɓullo a ɗakin ajiya, masana suna da matakan gane ta. Su duba lambar da aka buga mata, su gwada da jerin lambobin da masu bincike suka tattara. Su ƙirga faifan, uku ne ko ɗaya. Su manna mata maganaɗisu: idan ya kama, baƙin ƙarfe ce irin Duolian, wadda aka sayar dala 32.50 a farkon shekarun 1930. Idan bai kama ba, tagulla ce ko wani haɗin ƙarfe mai tsada, irin na mai faifai uku wadda mafi arharta dala 125 ce. Sannan su duba ko faifan na asali ne, ko an sake fenti, ko wuyan ya lanƙwashe. Wadda ba a taɓa ba takan kai dubban daloli. Abin lura, ƙarfen da kansa ba ya kai haka. Da za ta faɗa hannun 'yan gwangwan, a sikeli za a ɗora ta. Rubutaccen tarihinta ne ya ba ta farashi.

To mu dawo gida. Mu ma makaɗanmu sun nemi amo a jikin ƙarfe. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka sa masa sanda da tsirkiya guda, kuma da shi ya zaga duniya. Gwangwanin bai kai kuɗin goro ba, amma wa zai sa wa na Ɗan Maraya farashin gwangwani?

Kayanmu ba su da lamba, amma suna da alamomi. A fara ƙirga tsirkiya: molo uku, garaya biyu, goge da kukuma ɗaiɗai, kuma su da baka ake goga su. A dubi jiki: molo da garaya icce ake sassaƙawa, goge da gurmi ƙwarya ce ko duma. A dubi fata: goge an san shi da fatar guza ko damo. A dubi tsirkiyar kanta: izgar doki ko jijiya ta girmi zaren roba na masunta, ko da yake tsirkiya da fata ana sauya su, don haka su kaɗai ba sa yanke hukunci. Shaida mafi ƙarfi ita ce inda yatsu suka cinye sanda, da layu ko wuri da aka ɗaura. Tun 1971 David Ames da Anthony King suka wallafa ƙamus na kayan kiɗan Hausa da sunayen sassansu. Sun yi nasu. Abin da ƙamus ba zai faɗa ba shi ne wa ya riƙe wannan garayar, wa ya sassaƙa ta, a gaban wa aka kaɗa ta.

Me ya sa ba mu rubuta ba? Yankinmu ba baƙon alƙalami ba ne. Gimbana, garin Malam Abdussalami, tana nan kusa, kuma ɗansa Buhari ne ya kafa Jega wajen 1820, ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin ƙasar Gwandu. An rubuta tarihin malamai da sarakuna, amma garaya da goge an jingina su da bori da 'yan farauta, malamai da yawa suka ƙyamace su. Ba hukuncin kiɗa muke tattaunawa a nan ba, wannan na masana ne. Magana ce ta tarihi: abin da aka ji kunyar rubutawa shi ke fara ɓacewa. Jikoki su tashi, su ga icce da busasshiyar fata, su jefa a murhu ko su bayar a kan kuɗin cefane.

Shawarar da muka ba ɗan'uwanmu ita ce muke ba kowa. Kada ya wanke ta, kada ya shafa mata mai ko fenti, kada ya sauya fatar, domin gyara yakan kashe shaida. Ya ɗauke ta hoto ta kowane gefe, ya auna tsawonta. Ya nemi tsofaffin gidan tun suna raye, ya naɗi muryarsu: sunan makaɗin, ubangidansa, taken da yake kaɗawa, garuruwan da yake zuwa, zamanin wane sarki. Ya rubuta rana da sunan wanda ya ba shi labari. Bayan nan idan ya ga dama ya sayar, ya san abin da yake sayarwa, kuma labarin ya zauna a gida.

Aikin wannan mako ke nan. Duk wanda ke Jega, Aliero, Maiyama ko kewaye, ya nemo tsohon abin kiɗa guda a danginsa ko unguwarsu, ya rubuto mana tarihinsa cikin kalmomi 300, ya bambance abin da ya gani da idonsa da abin da aka faɗa masa. Za mu karanta tare a nan ƙasa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.