Dokar Gini a Nijeriya da Nijar: Magini Ɗaya, Hukunci Biyu

Maginin da ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya zuwa Maraɗi bai sauya ƙasar da yake kwaɓawa ba, damina ma ɗaya ce. Abin da ya sauya shi ne hukumar da za ta ce masa ya gina ko kada ya gina.

Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, amma tun a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka kundin ba ya hawa kan kowa sai jihar da ta ga dama ta mayar da shi dokarta. Filin ma, bisa dokar filaye ta 1978, amana ne a hannun gwamna. Nijar kuwa ta gaji tsarin Faransa: doka daga Yamai take fitowa ta game ƙasa baki ɗaya, izinin gini kuma a ofishin magajin gari ake nemansa.

A takarda, tsarin Nijar ya fi daidaituwa, na Nijeriya ya fi ba kowace jiha damar duba yanayinta. Sai dai a ganina wuri ɗaya dukansu suke tuntuɓe. Hankalin mai duba gini yana kan bulo da siminti da rodi, alhali talakawa da yawa a ginin ƙasa suke kwana. Wa ke duba azarar da gara ta cinye, ko indararon da ya toshe har ruwa ya kwanta a kan soro? A Agustan 2023 wani ɓangare na babban masallacin Zariya, aikin magini Babban Gwani tun wajajen 1830, ya rufta kan masallata. A daminar 2024 tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Da can sarkin magina ne ke sa ido kan yaɓe kafin saukar ruwa. Dokokin zamani sun karɓe ikonsa ba su karɓi aikinsa ba.

Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mazauninta Yamai. Ya kamata ta zaunar da injiniyoyi da sarakunan magina su fitar da ma'auni ɗaya na ginin ƙasa: kaurin bango, zurfin harsashi, da lokacin sabunta yaɓe.